Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sabunta Filashin Cetonka Tun Kwamfuta na da Lafiya

Saura kwana tara ƙanwata ta miƙa kundin bincikenta na kammala digiri, kwamfutarta ta ƙi tashi. Da daddare tana cikin aiki aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa, sai kwamfutar ta ɗauke nan take. Da safe ta kunna, babu abin da ya fito sai shuɗin allo da rubutun da ba ta gane ba. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce: "Yaya, babi huɗu ne a ciki, kuma ban tura su ko'ina ba."

Kafin in iso har ta kai ta wurin wani mai gyara. Na tarar da shi ya zaro wani filash daga aljihu, yana cewa ya fi shekara goma yana cin abinci da shi. Ya soka, kwamfutar ta ƙi karɓa. Ya shiga saitinta ya sauya wasu abubuwa, da ƙyar ta tashi a kan wani ɗan ƙaramin Windows XP. Ya buɗe wurin da ake ganin ma'adanar kwamfuta, wayam. Sai ya girgiza kai ya ce: "Oga, had-dis ɗin nan ya tafi. Sai dai a sa sabo a ɗora Windows."

Na ce, "Malam, don Allah bari mu gwada nawa." Filashina bai fi nasa tsada ba, ni kuma ban fi shi sanin gyara ba. Bambancin kawai shi ne abin da ke cikin nawa bai wuce wata biyu da saukewa ba. Muna sokawa ma'adanar ta bayyana da duk abin da ke cikinta, muka kwashe babi huɗun nan zuwa wani filash kafin shayin da aka kawo mana ya huce. Ma'adanar lafiyarta lau. Kayan aikin mai gyaran ne suka tsufa har ba sa iya ganinta.

Tun daga ranar ra'ayina ya ƙara ƙarfi a kan wannan batu: filashin ceto da ba a sabuntawa ya fi rashinsa haɗari. Wanda ba shi da filash ya san ba shi da shi, zai nemi taimako. Wanda yake riƙe da tsoho kuwa zai yarda da abin da ya gaya masa, ya goge bayanan da ba su ɓata ba.

Mene ne faifan ceto?

Kwamfuta ba ta aiki sai da babbar manhaja, irin su Windows ko Linux. Idan babbar manhajar ta lalace, hotunanka da takardunka suna nan a ma'adana, hanyar isa gare su ce ta toshe. Faifan ceto wata ƙaramar babbar manhaja ce da ake ajiyewa a faifan sidi ko a filash. Kwamfuta za ta tashi daga kansa, ba tare da ta taɓa Windows ɗin da ya lalace ba. Daga nan sai ka shiga ma'adanar ta ƙofar baya ka kwashi kayanka.

Wanda ya fi suna a shagunan gyara shi ne Hiren's BootCD. Fitowarsa ta ƙarshe daga ainihin mai shi ita ce lamba 15.2, a ƙarshen 2012, kuma har yau ita ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. A 2018 wasu masoyansa suka farfaɗo da shi da sunan Hiren's BootCD PE a kan Windows 10, daga baya suka mayar da shi kan Windows 11. A ɓangaren Linux akwai SystemRescue, wanda a da ake kira SystemRescueCd. Akwai kuma Clonezilla daga Taiwan, wanda aikinsa kwafe ma'adana sukutum.

A cikin irin waɗannan faya-fayan ne ake samun ainihin kayan aikin. TestDisk na gyara taswirar ma'adana idan wani sashe ya ɓace. PhotoRec na tono fayilolin da aka goge. Dukansu biyu wani Bafaranshe ne mai suna Christophe Grenier ya rubuta su, kuma kyauta ne. Sai ddrescue, mai lallaɓa ma'adanar da ta fara mutuwa ya kwafo duk abin da ya rage. Waɗannan manhajoji ana ci gaba da gyara su, amma kwafin da ke cikin filashinka ya daskare tun ranar da ka ɗora shi.

Kwamfuta ta sauya, faifan bai ji labari ba

Mutane kan ɗauki faifan ceto kamar sukuddireba, wanda na kakanka zai kwance kusar yau. Manhaja ba haka take ba. Dole ta san na'urar da take magana da ita, kuma na'urorin sun sauya ƙwarai daga 2012 zuwa yau.

Na farko, hanyar tashi. Tsofaffin kwamfutoci na tashi da tsarin BIOS. Tun zamanin Windows 8 aka koma tsarin UEFI, tare da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin komai ya tashi sai mai ɗauke da sa-hannun da kwamfutar ta amince da shi. Sababbin kwamfutoci da yawa ma sun cire tsohuwar hanyar gaba ɗaya. A kansu, Hiren's na 2012 ko allon farko ba zai nuna ba.

Sa-hannun nan ma ba ya dawwama. Idan aka gano ɓaraka a wata manhajar tashi, sai a sa ta a jerin waɗanda aka haramta. A 2023 aka gano wata muguwar manhaja mai suna BlackLotus da ke tsallake Secure Boot. Gyaran da Microsoft ya fitar ya zo da gargaɗin cewa duk kwamfutar da aka kunna wa kariyar ba za ta ƙara tashi da tsofaffin faya-fayan ceto ba sai an sabunta su. A watan Agustan 2024 wani sabuntawar Windows ya hana tsofaffin manhajojin tashi na Linux aiki a kwamfutoci da dama. Bayan haka, takardun shaidar da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu ya faɗo ne a 2026, an kuma fito da na 2023 don maye gurbinsu. Ma'ana, filashin da ya yi maka aiki bara zai iya ƙin tashi bana a kan kwamfutar nan dai, ba tare da ka taɓa shi ba.

Na biyu, ma'adana. Had-dis mai juyawa ya ba da wuri ga SSD, SSD ɗin ma ya koma nau'in NVMe, wanda yake kamar ɗan siririn katako da ake maƙalawa a jikin allon kwamfuta. Windows XP bai san da wannan ba, don babu shi a zamaninsa. Abin da ya faru da kwamfutar ƙanwata ke nan. Ko faifan da aka gina a kan Windows 10 yakan makance a kan kwamfutoci masu Intel zubi na 11 zuwa sama, saboda wani tsari mai suna VMD da ke buƙatar direbansa na musamman, wato ƙaramar manhajar da ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da ma'adana. Babu direba, babu ma'adana. Mai gyaran da bai san haka ba zai yanke hukuncin cewa ta mutu.

Na uku, kulle. Kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna zuwa da ma'adana a kulle da BitLocker, musamman tun fitowar 24H2, kuma mai kwamfutar sau da yawa bai ma sani ba. Tsohon faifai zai nuna maka irin wannan ma'adana kamar wadda babu komai a kanta, ko ya tambaye ka ko kana so ya goge ta. Sabo zai gane cewa a kulle take, ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wannan mabuɗi galibi yana cikin asusunka na Microsoft, kuma da wayarka za ka iya shiga ka duba shi yau ɗin nan.

Na huɗu, nau'in fayil. PhotoRec na gane fayil ne ta tambarin da ke farkonsa. Tun 2017 iPhone ke ajiye hotuna da tsarin HEIC, wasu wayoyin Android ma sun bi sahu. Manhajar da aka rubuta a 2012 ba ta san wannan tambari ba. Ko ta tsallake hoton, ko ta ba shi sunan da ba nasa ba. Haka ma manhajar kashe bairos da ke cikin faifan: jerin cututtukan da ta sani ya tsaya ne a ranar da aka haɗa ta.

Hujjar masu cewa a bar shi haka

Na sha yin wannan muhawara da abokai masu gyara, kuma ba zan ce maganarsu duk shirme ba ce.

Wasu na cewa sabuntawa ma tana ɓata abu. Gaskiya ne. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Sai dai a duba yadda aka fita daga matsalar. Ma'aikata sun bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, Microsoft kuma ya fitar da manhajar haɗa filashin ceto domin aikin. Waɗanda mabuɗan BitLocker ɗinsu ke hannu sun fi saurin farfaɗowa. Darasin da na ɗauka shi ne, tunda sabon abu na iya zuwa da kuskure, kada ka jefar da tsohon sai ka gwada sabon.

Wasu na cewa tsofaffin kwamfutoci sun fi yawa a hannun jama'armu. Wannan ma haka ne. Kasuwarmu ta tokumbo ce, kuma Hiren's BootCD PE ba ya tashi sai a kwamfuta mai tsarin 64-bit. Tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu mai ƙaramin ƙwaƙwalwa ta fi jin daɗin tsohon faifai. To amma tokumbon da ke shigowa yanzu ba irin na shekara goma da suka wuce ba ne. Kamfanonin Turai da Amurka na sauya kwamfutoci bayan 'yan shekaru, kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 aka ƙara samun dalilin sauyawa. Abin da suke zubarwa yanzu mai UEFI ne da NVMe. Ka riƙe tsohon faifanka domin tsohuwar kwamfuta, ka ajiye sabo kusa da shi. Filash ɗaya zai ɗauke su duka.

Sai masu kukan data. SystemRescue kusan gigabait ɗaya ne, Hiren's BootCD PE kuma kusan uku. Ban raina kuɗin ba. Amma sau biyu ne a shekara, kuma da datar dare ko wayifai na makaranta za a iya saukewa. Mutum biyar ma za su iya haɗa kuɗi, ɗaya ya sauke, sauran su kwafa. A auna wannan da kuɗin sake buga kundin bincike daga farko, ko asarar hotunan bikin da wani mai hoto ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Yadda nake sabunta nawa

A da, sabunta faifan sidi na nufin ƙona sabon faifai, domin abin da aka rubuta a kai ba ya gogewa. Da aka koma filash sai aka riƙa amfani da Rufus, wanda ke aiki da kyau amma yana share filashin duk lokacin da za a ɗora sabon abu. A 2020 Ventoy ya fito ya sauƙaƙa lamarin. Sau ɗaya ake girka shi a filash. Daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO a ciki kamar yadda kake jefa waƙa ko bidiyo. Idan kwamfuta ta tashi, zai jero maka su ka zaɓa.

Ga tsarin da nake bi a farkon Janairu da farkon Yuli.

Ina saukewa daga ainihin shafin masu manhajar kawai. Ba na karɓa daga zauren Telegram, ko daga shafin da ya cika da maɓallan saukewa na ƙarya. Faifan ceto na da iko a kan komai na kwamfutarka, don haka gurɓatacce ya fi kowane bairos ɓarna.

Ina duba lambar tantancewa ta SHA-256. Shafukan kirki na wallafa wannan dogon jerin lambobi da haruffa a gefen fayil. Idan ka lissafa ta fayil ɗinka ta yi daidai da tasu, to fayil ɗin ya iso cikakke. A Windows akwai umarnin certutil da ke yin wannan, a waya ma akwai manhajojin da ke yi. Da irin intanet ɗinmu mai yawan yankewa, fayil na iya sauka da rauni ba ka sani ba. Wannan taka-tsantsan ba tsoro ne na banza ba: a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen ISO, a 2017 kuma an cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner ta isa ga mutum sama da miliyan biyu.

Ina jefa sabon ISO a gefen tsohon, ba a kansa ba. Sai kuma in sabunta Ventoy ɗin kansa. A nan a kula: maɓallin sabuntawa ba ya taɓa fayilolinka, amma maɓallin girkawa yana share filashin kaf.

Sai gwaji, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ina tayar da kwamfuta biyu da shi, tsohuwa da sabuwa. Ina tabbatar da cewa ya ga ma'adana, ya ga filash na biyu, na kuma kwafi fayil ɗaya na buɗe shi. Sai bayan haka nake goge tsohon ISO, in rubuta kwanan wata a ɗan tef in liƙa a jikin filashin.

Shi kansa filashin a kula da shi. Araha ba ta ado. Akwai jabu a kasuwa, an rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba. Manhajar H2testw na tona asirin irinsu. Filashin ceto kuma ba na yawon kwafar fim a shago ba ne. A ajiye shi domin aikinsa kaɗai.

Idan ranar ta zo, doka ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci: kada a rubuta komai a kan ma'adanar da ake son ceto. Kada a ɗora Windows, kada a girka manhaja, kada a mayar da fayilolin da aka tono a kanta. Duk abin da aka rubuta na iya danne abin da ake nema. Garin neman gira kada a rasa ido. Idan had-dis na ƙara yana ƙas-ƙas, a kwafe shi da ddrescue tukuna, a yi aikin a kan kwafin.

Ina ruwan mai waya?

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi a waya suke karantawa, wasu ma ba su da kwamfuta. Batun ya shafe ku ta hanya uku.

Katin memori na waya ko na kyamara da ya ce sai an goge shi, sau da yawa PhotoRec na iya tono abin da ke ciki, muddin ba a ci gaba da amfani da shi ba. Ka cire shi nan take, ka kai inda ake da sabon kayan aiki. Sai dai ka sani, fayilolin kan dawo ba tare da sunayensu na asali ba.

Wayarka kuma na iya zama hanyar ceton kwamfuta. Da wayar OTG za ka iya sauke ISO a waya ka tura cikin filash mai Ventoy, idan wayar na karanta shi. Akwai kuma manhajar Android mai suna EtchDroid da ke rubuta faya-fayan Linux a filash kai-tsaye. Ranar da kwamfuta ɗaya tilo ta gidan ta kwanta, wannan dabara na da rana.

Ta ukun gargaɗi ce. Babu faifan ceto, sabo ko tsoho, da zai tono hotunan da suka goge daga cikin ƙwaƙwalwar wayar zamani. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanansu suke tun daga kamfani, iPhone ma haka. Idan aka yi wa waya wankin gaba ɗaya, mabuɗin ya tafi, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa. SSD ma na da wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin fayil jim kaɗan bayan an goge shi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai dawo maka da hotunan wayar da aka wanke, ka riƙe kuɗinka. Abin da ke ceton waya shi ne ajiyar da ka yi tun da wuri, a Google Photos, ko iCloud, ko kwamfuta, ko filash. Masana na ba da shawarar kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban.

Kafin ka miƙa kwamfutarka

Ba kowa ne zai haɗa filashin ceto ba, kuma ba laifi ba ne. Amma kowa na iya yin tambaya. Idan ka kai gyara, ka ce wa mai shagon: "Malam, kayan ceton naka na wace shekara ne?" Ka kuma gaya masa ƙarara cewa kada a goge komai sai an kwashe maka bayananka ka gani da idonka. Idan ya ce ma'adana ta mutu, ka nemi a gwada da wani faifan, ko a wani shagon, kafin ka amince. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu gyara, sana'ar nan amana ce. Mutum na miƙo muku karatunsa na shekara huɗu, ko lissafin shagonsa, ko hoton mahaifiyarsa da ta rasu. Gigabait huɗu sau biyu a shekara bai kai nauyin wannan ba.

Mai gyaran da muka je wurinsa, kafin mu tafi sai da ya ce in kwafa masa abin da ke cikin filashina. Na kwafa masa, na kuma nuna masa shafukan da zai riƙa saukewa da kansa, domin nawa ma nan da wata shida ya zama tsoho. Ƙanwata ta miƙa kundinta a kan lokaci. Yanzu duk babin da ta rubuta na karatun gaba, kafin ta kwanta sai ta tura wa kanta ta imel.